Darasi: Gawo da Kututturen Gona

'Yan'uwa, duk manomin ƙasar Daura, daga Zango har Baure, ya san gawo. Da damina yakan zubar da ganye, gero ya sha rana ƙarƙashinsa, ganyen ya zama taki. Da rani kuwa ya yi kore, awaki su ci 'ya'yansa. Amma gatari yana cinye shi, rairayi yana biyo baya.

A Maradi, tun 1983, manoma suka soma barin kututture ya toho lokacin sassabe. Sukan zaɓi rassa biyu ko uku, su sare sauran. Saiwar tana da rai, ba ta bukatar ban ruwa kamar dashe. Da haka miliyoyin itatuwa suka komo gonakin Maradi da Damagaram, har da kalgo da sabara.