Amsoshin Tambayoyinku: Yadda Ɗalibai Za Su Ƙarfafa wa Juna Gwiwa

Wani mai sauraro daga Isa yana tambayar yadda ɗalibai za su ƙarfafa wa juna gwiwa, alhali hare-haren 'yan bindiga sun dagula karatu a ƙauyuka har zuwa Sabon Birni. Akwai abin koyi a tarihin Sakkwato, domin Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa ƙungiyar 'Yan Taru, inda jaji, wato shugabar ayarin mata masu neman ilimi, takan karɓo darasi daga wurin Nana Asma'u ta koyar a ƙauyensu. Saboda haka ya dace malami ya raba ɗalibai rukuni-rukuni ƙarƙashin wanda ya fi ganewa, su riƙa bitar tambayoyin jarrabawar NECO da JAMB tare, kowa ya faɗi fannin da yake burin karantawa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wanda kuma ya yi fashin makaranta abokansa su bi shi gida su ji dalili.