Yadda Ake Zaɓen Kayan Kwana a Hanya Idan Tafiyar ta Babur Ce

Mutumin Kaugama da ya ɗaura niyyar doguwar tafiya a babur, ko cin kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis za shi, ko sarin bandar kifi a ƙauyukan Guri, ko kallon tsuntsayen da ke saukowa daga Turai zuwa dausayin Baturiya da hunturu, duk abin da ya ɗora a kariya shi zai riƙe shi da ƙarfin hannunsa idan taya ta shiga rairayi. Saboda haka rabin aikin zaɓen kaya shi ne sanin abin da za a bari a gida. Ga yadda ake bi.

Da farko, dubi wata, ka dubi ƙasar da za ka taka. Daga Kaugama, idan ka nufi Gumel da Maigatari, tudu ne, rairayi da ƙaya. Idan ka yi gabas ta Malam Madori da Haɗeja, ka gangara Auyo ko Kiri Kasamma, fadama ce, laka da kacalla da sauro. Kayan waɗannan hanyoyi biyu ba ɗaya ba ne. Daga Disamba zuwa Janairu sanyin asuba ne abokin gaba, sai bargo da rigar sanyi. A Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, a nan ruwan sha ne zai cinye gurbin bargo. Agusta da Satumba kuwa, shawarata ita ce a ɗage tafiyar fadama idan ba ta dole ba ce. Kogin Haɗeja na iya tumbatsa ko da ba a yi ruwa a garinku ba, domin daga ƙasar Kano yake ɗauko ruwansa, ta madatsun Tiga da Challawa. Wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022 ya san yadda hanya ke komawa ta kwalekwale cikin kwana biyu.

Na biyu, gidan sauro. Shi ake fara sawa a jaka, tun kafin a yi maganar tanti. Samari kan ga hotunan Turawa masu yawon duniya a babur, su ƙwallafa rai a kan tanti mai sanduna. Tantin yana da amfaninsa, amma an ɗinka yawancinsu ne don ƙasashen sanyi. Da bazara, mutum ba ya iya minti ashirin a cikinsa, dole ya zuge ƙofa, sauro ya shigo. Gidan sauro mai magani, irin wanda ake rabawa a asibitoci, nauyinsa bai kai kilo ɗaya ba, iska na ratsa shi, kuma yana tare kunama idan an cusa gefensa a ƙarƙashin tabarma. Idan sabo ne, a shanya shi a inuwa kwana guda kafin a kwana a ciki, don kada maganin ya sa ƙaiƙayin fuska. A ɗaga shi a haske a duba huji, a ɗinke tun a gida. Sai igiya doguwa, kamar mita 10, saboda ba ko'ina ake samun bishiyoyi biyu kusa da juna ba. Inda babu, kan babur da kariyarsa sun isa su riƙe kusurwa biyu, sanda ta riƙe sauran.

Wanda duk da haka ya nace sai tanti, ya sayi mai hawa biyu: na ciki raga, na waje mai tare ruwa, wanda ake iya cirewa. Ya tabbata sandunan suna naɗewa gajeru yadda ba za su zarce faɗin kan babur ba. Ya kuma gwada zif ɗin sau da yawa a gaban mai shago, domin ƙurar hunturu zif take fara kashewa.

Na uku, abin shimfiɗa da abin rufi. Tampol ɗaya mai mita 2 a mita 3 yana aiki uku: rumfa da rana, rufin kaya idan hadari ya taso, shimfiɗa a ƙasa mai danshi. A fadama, ko da rani, raɓa na jiƙa ƙasa kafin asuba, don haka tampol a ƙasa, tabarma a kai. Tabarmar roba ta fi ta kaba dacewa da wannan tafiya, don tana naɗewa kuma ba ta shan ruwa. Katifa a bar ta a ɗaki. Jakar kaya ta isa matashi.

Na huɗu shi ne inda mutane suka fi yin sake, wato kayan gyara. Kwanan daji da yawa ba shiri ne ya kawo shi ba, faci ne. Ƙayar bagaruwa da ta aduwa ba sa jin tausayin taya, mai faci kuma ba ya zama a tsakanin ƙauye da ƙauye. Ka riƙe tiyub sabo, aƙalla na baya, da kayan faci da gam, da ƙarfen cire taya guda biyu, da famfon hannu. Ka ƙara fulogi ɗaya, da sifanar da ke kwance shi, da sifanu masu lamba 10 da 12 da 14, da filaya, da sukudireba, da mahaɗin cen, da wayar kuloci. Duk wannan yana shiga ƙaramar jaka guda. Sai dai kayan ba su da amfani a hannun wanda bai taɓa cire taya ba. Ka je wurin makanikinka ana saura mako guda, ka ce ya tsaya a kanka ka cire ta baya ka mayar da hannunka. A wannan zaman ne za a canza baƙin mai, a ɗaure cen, a duba birki. Sauƙin gyara ma na cikin dalilan da suka sa Boxer da ire-irensa suka fi babban babur ɗan yayi dacewa da ƙasarmu: kayansu na nan a kusan kowace kasuwar ƙauye.

Na biyar, ruwa da ci da wuta. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma da bazara mai tuƙi zai sha lita 4 zuwa 5 a yini, ban da na alwala. Jarkoki biyu ƙanana, ɗaya a kowane gefe, sun fi babba guda ɗaya da za ta riƙa rinjayar babur. A cika su a duk famfon da aka tarar, kada a ce sai gaba. Ruwan kududdufi da na bakin kacalla ba na sha ba ne sai an tafasa, ba kuma na wanka ba ne, don a irinsa ake kwaso tsargiya. Guzuri ya zama busasshe: ƙuli-ƙuli, garin kwaki, dabino, kilishi, ganyen shayi da sukari. Ƙaramin kurfoti da ƙullin gawayi da butar shayi sun wadatar. Amma kada a kuskura a shigar da garwashi cikin rufaffen tanti don jin ɗumi, iskar da yake fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa cikin barci. Idan za a riƙe fetur na ko-ta-kwana, lita 2 sun isa, a mazubi mai murfi mai kyau, a gefen da babu salansa.

Tocila ta goshi ta fi ta hannu, domin mai faci da dare yana bukatar hannunsa biyu. A haɗa da fawa-banki, da maganin ciwon kai, da bandeji, da ƙullin gishiri da sukari na gudawa. Takalmi ya zama rufaffe, a kuma kakkaɓe shi kowace safiya kafin a zura ƙafa. Idan tsautsayi ya sa maciji ya yi sara, ba a tsagawa, ba a ɗaurewa tamau, sai a hana gaɓar motsi a nufi babban asibitin Haɗeja, ko cibiyar lafiya ta tarayya da ke Nguru idan ita ta fi kusa. Hular kwano kuwa a kai take zama, ba a rataye a madubi ba.

Na shida, ɗauri. Mai nauyi a ƙasa kuma kusa da bayan mai tuƙi, mara nauyi a sama. Idan nauyi ya koma can ƙarshen kariya, tayar gaba sai ta yi sakayau, kan babur ya riƙa rawa a rairayi. Robar tsohon tiyub ta fi igiya riƙo saboda tana bin kaya idan sun motsa, amma a cusa bakinta da kyau kada ya faɗa cikin taya. Tampol da kayan faci su ne a sama, inda hannu zai kai ba tare da an kwance komai ba. A ganina, kayan mutum ɗaya bai kamata su wuce kilo 20 zuwa 25 ba, har da ruwa. Kwana guda kafin tafiya, ka ɗaure komai, ka zaga bayan gari ta hanyar burji, ka dawo ka ga abin da ya sassauta. Abin da ka ga ba ka san ranar da za ka yi amfani da shi ba, sauke shi.

Na ƙarshe, masauki, wanda shi ne ke rage kaya fiye da komai. A ƙasar Haɗeja baƙo ba ya zuwa ya kafa shimfiɗa a bayan gari ba da sanin kowa ba. Mai gona zai ɗauka ɓarawon amfani ne, 'yan sintiri kuma su ɗauka wani abu ne daban, musamman a wannan zamani da baƙon babur ke sa mutane ɗar-ɗar. Ka isa gari tun kafin magariba, ka yi salla a masallaci, ka nemi a kai ka wurin bulama ko mai unguwa, ka gaishe shi, ka faɗi sunanka da garinku da inda ka nufa. Galibi zaure za a ba ka, har da tuwo. Goro ko ɗan sukari a jaka don irin wannan gaisuwa ya fi wani kayan da ka sayo da tsada amfani. Idan kallon tsuntsaye ya kawo ka Baturiya, nemi ma'aikatan da ke kula da dausayin su nuna maka inda aka yarda a sauka. A guji kwana a burtali da mashayar shanu, da kuma kwarin rafi ko da a bushe yake.

Takardun babur da katin shaida a saka su a leda, a aljihun gaba, ba a cikin kaya ba. Kafin ka tayar da babur, ka faɗa wa mutum ɗaya a gida hanyar da za ka bi, garin da za ka kwana, da ranar da za a sa ran dawowarka.