Darasin Wasanni: Yadda Sabon Shiga Zai Zaɓi Filafilin Kayak Na Hannu

'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya taɓa kallon tseren kwalekwale a bikin kamun kifi na Argungu ya san filafili, wato itacen nan mai faffaɗan baki da matuƙi ke tura ruwa da shi. Darasinmu na wannan mako a kan ɗan'uwansa ne, filafilin kayak.

Kayak siririn jirgin ruwa ne da mutum ke zama a cikinsa ƙafafu a miƙe. Mutanen Inuwit na Girinlan da arewacin Kanada sun daɗe suna farauta da shi kafin ya zama abin wasa. Ya shiga gasar Olamfik a Balin a 1936, kuma Jonathan Akinyemi ya wakilci Najeriya da shi a Landan a 2012. Yau ana tuƙa shi a tafkin Jabi da ke Abuja. Filafilinsa tafi biyu gare shi, ɗaya a kowane ƙarshe, da doguwar ƙota a tsakani. Sabo yana da tsada, shi ya sa mai koyo kan nemi na hannu. To, sai dai abin da ya sha aiki a hannun wani yakan zo da ɓoyayyen ciwo, kuma filafili ba ya karyewa a bakin gaɓa, sai an yi nisa cikin ruwa.

A fara da tsawo. Na masu koyo yakan kama daga santimita 210 zuwa 240. Dogon mutum da jirgi mai faɗi su ke buƙatar dogo. Idan ya yi gajarta, yatsunka za su riƙa bugun gefen jirgi. Idan ya yi tsawo, kafaɗa ce za ta gaya maka. Ka tsayar da shi a ƙasa ka miƙa hannu sama: in yatsunka sun lanƙwasa a kan bakinsa, kun yi kusa da dacewa. Wannan awon kimantawa ne kawai, faɗin jirgin shi ke yanke hukunci.

Sai nauyi. Mai ƙotar alminiyon da tafin roba yakan kai kilo ɗaya ko ya ɗara, na kabon kuwa yakan gaza giram 800. Bambancin kamar ba komai ba, amma mu hau allo. A ce kana tuƙi sau 40 a minti, cikin awa ɗaya ka ɗaga shi sau 2,400. Ƙarin giram 300 sau 2,400 ya zama kilo 720. Duk da haka ban ba sabon shiga shawarar na kabon na hannu ba. Tsagarsa na ɓuya, kuma in zai karye ba ya sallama. Mai ƙotar faiba da tafin roba ya fi haƙuri da bugun dutse. Na alminiyon ya fi araha, illa dai yana ɗaukar zafi in ya sha rana.

Inda ya kamata ka daɗe shi ne mahaɗi. Yawancin filafilan nan gida biyu ne, ana zura ɗaya cikin ɗaya a tsakiya, wani ɗan maɓalli ya riƙe su. Ka haɗa, ka raba, ka sake haɗawa. Ka riƙe gefe da gefe ka murɗa. In ka ji yana girgiɗi kamar haƙorin da zai fita, ajiye shi, domin yashi ya riga ya cinye wurin kuma gyaransa ba ya ɗorewa. In kuwa ya cije ya ƙi rabuwa, sau da yawa datti ne, wanki na iya magance shi. Kada mai kaya ya ce maka "ai haka suke". Ba haka suke ba.

Daga nan ka jijjiga shi kusa da kunne. Ƙarar ruwa a ciki na nufin akwai kafa. Ka kanne ido ɗaya ka hangi ƙotar daga ƙarshe zuwa ƙarshe kamar yadda kafinta ke duba katako, don alminiyon da ya tanƙware ya riga ya yi rauni. Ka shafa bakin tafin da yatsa. Ƙuje-ƙuje ba laifi ba ne, tsaga ce abin gudu, musamman inda tafi ya haɗu da ƙota. Robar da ta koɗe tana barin farin gari a hannu rana ce ta gasa ta, kuma ta kusa farfashewa.

In da hali, ka roƙi a bar ka ka gwada shi na minti goma kusa da gaɓa kafin ka biya, sanye da rigar kariya, malamin tuƙi yana kallonka.