Ƙaramin Daim Na Azurfa: Yaya Ake Sanin Darajarsa?

Karatu: Luka 15:8-10

A cikin wannan misali Yesu ya yi zancen wata mace mai tsabar azurfa goma. Ɗaya ta ɓace, ta kunna fitila, ta share ɗaki har ta same ta. Tsabar da Luka ya ambata ita ce dirakma ta Helenawa, wadda ta yi kusan ladan aikin yini guda. Matar ta sha wannan wahala ne domin ta san darajar abin da ya ɓace mata. Mutane da yawa kuwa suna riƙe da tsohuwar tsaba ba su san ko nawa take ba. Wani ya sayar da ita a banza, wani kuma ɗan damfara ya ruɗe shi cewa ya tsinci miliyoyi. Bari mu ɗauki wata ƙaramar tsabar Amurka da ake kira daim, mu ga yadda masana suke kimanta ta.

Daim kashi ɗaya ne cikin goma na dalar Amurka. Sunan ya fito daga wata tsohuwar kalmar Faransanci mai nufin ushiri. An fara buga shi domin kashewa a 1796. Wannan ita ce darajarsa ta farko, wadda hukuma ta rubuta a jikinsa, ita ce kuma mafi ƙanƙanta.

Daraja ta biyu tana cikin ƙarfen. Har zuwa 1964, daim na kashewa azurfa ne kashi 90 cikin 100, sauran kuwa jan ƙarfe. Nauyinsa giram 2.5 ne, wato akwai azurfa tsantsa giram 2.25 a ciki. Da azurfa ta yi tsada, sai dokar 1965 ta fid da ita daga daim. Nan da nan mutane suka fara ɓoye tsofaffin suna kashe sababbin, shi ya sa da wuya ka tsinci na azurfa cikin canji. Saboda haka fara da duba shekarar. Sa'an nan ka juya tsabar ka dubi bakinta: na azurfa fari ne gaba ɗaya, sabon kuwa za ka ga jan layi a tsakiya. Idan kana da ƙaramin sikeli irin na masu sayen zinariya, sabon bai wuce giram 2.27 ba. Wajen daim 14 ne suke ba da oza guda ta azurfa, wato giram 31.1. Farashin azurfa yana hawa yana sauka, don haka ka tambayi na ranar kafin ka yi ciniki.

Yawancin tsofaffin daim a nan darajarsu take tsayawa. Ka riƙe wannan da kyau, gama tsufa kaɗai ba ya sa tsaba ta yi tsada. Mu ma muna da shaida a ƙasashenmu. Babbar tsabar azurfan nan mai hoton Sarauniya Mariya Tereza, wadda fatake suka yi ciniki da ita, maƙera kuma suka narkar suka yi kayan ado, tana ɗauke da shekarar 1780. Amma an yi ta buga ta da wannan shekara har bayan ƙarni biyu. Wanda ya ce tasa ta 1780 ce, mai yiwuwa kakarsa ma ta girme ta.

Daraja ta uku ita ce wadda masu tara tsaba suke biya, kuma ta dogara ga ƙarancin tsabar. Ɗauki daim na 1916 zuwa 1945, mai hoton mace da hula mai fikafikai, aikin Adolph Weinman. A 1916 gidan buga kuɗi na Filadelfiya ya buga fiye da miliyan 22, na Denba kuwa 264,000 kacal. Hotonsu ɗaya, nauyinsu ɗaya, azurfarsu ɗaya. Bambancin wani ɗan harafin D ne a bayan tsabar, can ƙasa wajen hagu, wanda sai da gilashin ƙara girma za ka gan shi sosai. Saboda wannan harafi, na Denba ko ya goge yakan ninka ɗan'uwansa sau ɗari ko fiye. Shi ya sa 'yan damfara sukan manna D a kan na Filadelfiya. Kada ka sayi irin wannan sai ƙwararru sun gwada sun ba da takardar shaida. Wanda ya fi wannan ƙaranci shi ne na 1894 mai harafin S, na San Faransisko. Guda 24 aka buga, tara aka san inda suke, an kuma sayar da ɗaya kusan dala miliyan 2 a 2016. Irin wannan labari ne ɗan damfara yakan ba ka, amma ba zai gaya maka cewa guda 24 ne kawai ba.

Idan kai ne mai saye, ka kuma gane harafin da mai sayarwa bai gani ba, ka faɗa masa. Biyan kuɗin azurfa kawai a kan abin da ka san ya fi haka, ma'aunin algus ne, Karin Magana 11:1 kuwa ta yi magana a kansa.

Bayan ƙaranci sai lafiyar tsabar. Masana suna ba da maki daga 1 zuwa 70, suna duban gashin hoton da ƙananan layuka, ko sun goge ko suna nan. A nan ne mutane suka fi yi wa kansu hasara. Sukan ga tsabar ta yi duhu, sai su ɗauko toka ko lemun tsami su goge ta ta yi ƙyalli. Guga tana barin ƙananan zane waɗanda ba su gyaruwa, mai saye kuwa zai gane su da kallo ɗaya ya rage kuɗin ƙwarai. Duhun nan da shekaru suka kawo, masu tarawa sun fi son shi. Kada kuma ka huda ta domin sarƙa. Ka riƙe ta ta baki, kada yatsa ya taɓa fuskar, ka sa kowace ɗaya cikin 'yar ambulan tata, ka rubuta shekara da harafin a kai, ka ajiye inda laima ba ta kaiwa.