Lanzhou: Birnin Da Duwatsu Suka Tsare Wa Iska

Lanzhou shi ne babban birnin lardin Gansu da ke arewa maso yammacin ƙasar Sin. Yana shimfiɗe ne cikin wani dogon kwari mai ƙunci, Rawayen Kogi ya ratsa ta tsakiyarsa, duwatsu kuma sun tokare shi kudu da arewa. Ƙidayar 1 ga Nuwamba 2020 ta nuna mutanensa sun haura miliyan 4.

A shekarun 1950, da taimakon Tarayyar Sobiyet, aka kafa matatar mai da masana'antun sinadarai a unguwar Xigu, yamma da birnin. Ruwan kogi ya wadata, aiki ya samu, jama'a suka yi ta kwararowa. Abin da ba a yi lissafinsa ba shi ne inda hayaƙi zai tafi.

A bisa al'ada, iskar da ke kusa da ƙasa ta fi ta sama ɗumi, saboda haka takan tashi ta tafi da hayaƙi. Amma a daren hunturu, iska mai sanyi, wadda ta fi nauyi, takan gangaro daga duwatsu ta kwanta cikin kwarin, mai ɗumi kuma ta zauna a bisanta kamar faifai a bakin ƙwarya. Duk wanda ya lura da yadda hayaƙin murhu ke kwanciya ƙasa-ƙasa da asubar sanyi ya ga ƙaramin misalin wannan. A Lanzhou kuwa, hayaƙin kwal na gidaje da na masana'antu kan yi kwanaki bai motsa ba.

Huhu ne ke ɗaukar wahalar. Majina da ƙananan gashin da ke cikin hanyoyin numfashi suna tare manyan ƙwayoyin ƙura, amma mafi ƙanƙanta sukan wuce har cikin jakunkunan iska, inda jini ke karɓar iskar shaƙa. Daga nan sai tari da fuka da ciwon zuciya, musamman ga yara da tsofaffi.

A ƙarshen shekarun 1990 har an fara rushe wani tudu, Daqingshan, a gabashin birnin, wai don a buɗe wa iska ƙofa. Dabarar ba ta biya buƙata ba. Sauƙi na gaske bai samu ba sai daga wajejen 2012, lokacin da aka mai da tukunyar ɗumama gidaje daga kwal zuwa gas, aka kuma fara kwashe wasu masana'antu zuwa wani sabon yanki a arewa, bayan duwatsu.