Hukuncin Makaranci: Nazari a Kan Yadda Ake Auna Littafi a Unguwannin Masana'antun Kano

1.0 Gabatarwa

A bisa al'ada, idan aka ambaci tarken adabi a sashen Hausa, abin da ke faɗowa a rai shi ne malami ko ɗalibi ya ɗauki littafi ya feɗe shi, watau ya fito da jigo ya warware shi, ya duba zubi da tsari, sa'an nan ya yi magana a kan salo da sarrafa harshe. Wannan hanya ce ingantacciya, ba a kuwa ja da ita. Sai dai akwai wani alƙali da ba a cika sauraronsa ba, shi ne makarancin da ya fid da kuɗinsa ya sayi littafi ko ya yi hayarsa, ya karance shi, ya faɗi abin da ya gani. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa ra'ayin irin wannan makaranci shi ma tarke ne mai ma'auninsa, kuma tun daga shekarun 1980 ya yi tasiri ƙwarai a kan ƙagaggun labaran Hausa. Za a ɗauki unguwannin masana'antun Kano, wato Bompai da Sharaɗa da Challawa, a matsayin misali.

2.0 Masu Hukunci na Farko

Da farkon fari, hukuma ce ke auna littafi. A shekarar 1933 Rupert East ya shirya gasa a Hukumar Fassara ta Zariya, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Alƙalan gasa suka zaɓa, makarantu suka karɓa, ɗalibi kuwa nasa karatu ne kawai. Haka aka ci gaba har zuwa gasar kamfanin NNPC wadda ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid a 1980, da gasar Ma'aikatar Al'adu ta Tarayya wadda ta fito da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare a 1982.

Bayan wannan sai tattalin arzikin ƙasa ya karye, kamfanonin ɗab'i suka ja da baya. Matasa suka shiga buga littattafansu da kuɗinsu, suna kai wa dillalai a kasuwa. Daga nan ne alƙalanci ya koma hannun mai saye, domin marubucin da littafinsa ya kwanta a shago ba shi da jarin buga na gaba.

3.0 Masana'antu da Makarantansu

Bompai ita ce mafi daɗewa cikin unguwannin uku, tana arewa maso gabas da birni, kusa da Dakata da Gwagwarwa da Tudun Wada. Sharaɗa tana kudu da birni, Challawa kuwa tana bakin kogin da ta ci sunansa, a ƙasar Kumbotso, ta kuma yi suna da masana'antun jima. A waɗannan wurare aka kafa masaƙu da kamfanonin robobi da na alewa da na kwanuka. Binciken da Paul Lubeck ya wallafa a 1986 a kan leburorin Kano ya nuna cewa da yawa daga cikinsu gardawa ne da suka fito daga karkara ta hanyar almajiranci. Watau mutane ne da suka san darajar rubutu tun daga allo. Da shirin ilimin firamare kyauta na 1976 da azuzuwan yaƙi da jahilci suka yaɗa karatun boko, sai aka sami sabon rukunin makaranta a cikin ma'aikata da iyalansu.

Halin rayuwar ma'aikaci shi ke tsara yadda yake karatu. Albashinsa ƙididdigagge ne, saboda haka haya da aro sun fi masa sauƙi a kan saye. Lokacinsa ma ƙididdigagge ne, don kuwa aikin kamfani karɓa-karɓa ne, wasu da safe wasu da dare. Daɗin daɗawa, littafi ɗaya yakan bi hannuwa da yawa, daga abokin aiki zuwa maƙwabci, daga maigida zuwa uwargida da ƙannenta, kasancewar mata da matasa su ne mafi yawan masu karanta littattafan soyayya. Duk wanda ya miƙa littafi yakan haɗa da ra'ayinsa, wanda ya karɓa kuma yakan dawo da nasa.

4.0 Ma'aunan Makaranci

Idan aka natsu a kan kalmomin da makaranta ke amfani da su, za a ga ma'auni huɗu.

Na farko shi ne jan hankali. Makaranci yakan ce littafi "ba ya ajiyuwa", ko kuwa ya ce "an ja shi da yawa". Wannan magana ce a kan zubi da tsari, ko da mai yin ta bai san sunan ba.

Na biyu shi ne darasi. Ana yabon littafi da cewa "ya yi ma'ana", ana kuma kushe shi da cewa "ba abin ƙaruwa a ciki". Abin da manazarci ke kira jigo ke nan. A nan ana iya ganin gurbin tarbiyyar allo da ta tatsuniya, inda ake sa ran kowane labari ya bar wa mai sauraro abin lura.

Na uku shi ne kama da gaskiya. Mai zaman gidan haya da albashin wata ya san auren dole da kishi da fifita mai kuɗi a kan talaka a wajen neman aure. Wannan na daga cikin dalilan karɓuwar In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, da Alhaki Kwikwiyo da Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu.

Na huɗu shi ne ƙarshen labari. Makaranci yana son a saka wa mai haƙuri, a kuma hukunta azzalumi. In ba a yi haka ba sai ya ce "ƙarshen bai yi ba", kome kyawun farkon.

Ban da furuci, akwai hukunci na aiki. Marubuta sukan raba labari kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku. Wanda ya koma neman na biyu ya riga ya ba na ɗaya maki. Haka kuma, a da marubuta sukan sa adireshinsu a littafi, makaranta su aiko da wasiƙun yabo ko na gyara.

5.0 Ƙarfi da Rauni

Masana ba su haɗu a kan darajar wannan hukunci ba. A 1994 Ibrahim Malumfashi ya kira waɗannan littattafai Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta su da na kasuwar Onitsha. Abdalla Uba Adamu da wasu suka kare su a muhawarar da aka yi a jaridar New Nigerian a ƙarshen shekarun 1990. Hukuma ma ta sa baki, har aka ƙona wasu littattafai a Kano a 2007 bisa zargin ɓata tarbiyya. A duk wannan taƙaddama an yi ta magana da sunan makaranci, amma ba safai aka tambaye shi ba.

Raunin hukuncinsa a fili yake. Yakan sa marubuci ya maimaita abin da ya sami kasuwa, ba ya kuma damuwa da ƙa'idojin rubutu. Ƙarfinsa kuwa shi ne ba ya fadanci, tun da da guminsa ya biya.

6.0 Kammalawa

A yau yawancin tsofaffin masaƙun Kano sun rufe saboda ƙarancin wutar lantarki da shigowar kayan waje masu araha. Karatun ma ya koma wayar hannu, inda marubuta ke sakin labari shafi-shafi a Facebook da WhatsApp da Wattpad, makaranta suna sharhi nan take, wani lokaci har suna neman a sauya makomar tauraruwa kafin a rubuta ta. Wurin ya sauya, ma'aunan huɗu suna nan. Abin da ya rage ga ɗaliban wannan sashe shi ne su fita zuwa Dakata da Ja'en da Panshekara, su zauna da tsofaffin ma'aikata da masu shagunan haya, su rubuta abin da suka karanta da abin da suka ce a kansa, tun masu wannan tarihi suna raye.