Darasin Lafiya: Ƙashin Damtse a Gwiwar Hannu

Iyaye, ku taɓa gwiwar hannunku. Ƙashin damtse ɗaya ne tun daga kafaɗa. A ƙasa yana faɗaɗa, ya haɗu da ƙasusuwa biyu na sangalin hannu. Za ku ji ƙulli biyu, na ciki da na waje. Wata jijiya na bi ta bayan na ciki, shi ya sa in an buge wurin a kan ji zirr har ƙaramin yatsa.

Sama kaɗan da ƙullin, ƙashin ba shi da kauri. Nan yara 'yan shekara 5 zuwa 7 suka fi karyewa, idan suka faɗo daga bishiyar mangwaro suka dafa ƙasa da hannu a miƙe. Babbar jijiyar jini na wucewa ta gaban wurin, ƙashin da ya goce kan danne ta.

Gwiwar ta kumbura? Kar a ja, kar a murza, kar a yi ɗori kafin a ɗauki hoto. Idan yatsu suka yi sanyi, suka yi fari, ko yaro ya kasa motsa su, ku bar Zango zuwa Asibitin Komfo Anokye nan take, ko da tsakar dare ne. Sa'o'i kaɗan babu jini, hannun na iya shanyewa har abada.